Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alƙalan Majistare Da Na Kotunan Shari'ar Musulunci A Jihohin Arewa: Ku Leƙa Bayan Kanta

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, masu shari'a.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ku na zaɓa in rubuta wa wannan takarda, ba gwamna ko kwamishinan 'yan sanda ba, domin a teburinku ake karɓe wa talaka 'yancinsa, a nan kuma ake mayar masa da shi. Mai shayi da ɗan adaidaita sahu da mai gyaran waya ba su san Kotun Ƙoli ba sai a rediyo. Ku suka sani. Wanda ya kwana a bayan kanta gabanku ake kawo shi, kuma abin da ya fito daga bakinku a cikin minti biyar shi ke sa ya kwana a ɗakinsa ko ya hau motar gandirobobi.

Ni dattijo ne a unguwa, cikin irin waɗanda ake buga wa ƙofa bayan isha'i a ce, "Baba, an tafi da wane." Na daɗe ina tsaya wa mutane beli, na zauna a bencin kotunanku har na san lokacin da masinja zai buga ƙofa a miƙe. Abin da zan faɗa ba sabon karatu ba ne a wurinku. Ina so ne ku ji yadda yake a kunnen wanda ke zaune a wancan bencin.

Tsarin Mulkin 1999 bai ce kada a kama kowa ba. Sashe na 35 da ya ba kowa 'yancin walwala, shi ne kuma ya lissafa inda za a iya taɓa wannan 'yancin: in kotu ta yanke hukunci, in mutum ya ƙi bin umarnin kotu, in akwai zargi mai tushe cewa ya aikata laifi, da sauransu. Sashe na 45 ma ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita faɗar albarkacin baki da taro da zirga-zirga saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. Babu mai hankalin da zai yi musun wannan. 'Yancin da ba shi da iyaka ai mai ƙarfi kaɗai zai amfana da shi. Amma ita iyakar ma an yi mata iyaka, kuma nan ne ake yi mana kunnen ƙashi. Wanda aka kama dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. In akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kwana ɗaya aka ba mai kamu ya gurfanar da shi. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ban taɓa ganin wanda aka ba haƙuri ba. Shi ne ma ke fitowa yana godiya, yana riƙe da wandonsa da hannu saboda an karɓe masa bel.

Ga abin da na gani da idona a wani caji ofis da ba zan ambata ba. Wani magidanci ya karɓi atamfofi bashi daga hannun wani babban ɗan kasuwa, ya raba wa mata masu talla a gida-gida, kasuwa ta tsaya, kuɗi suka maƙale. Mai kaya bai kai shi kotu ba. Ranar Juma'a da la'asar aka zo aka ɗauke shi a gaban 'ya'yansa, kuma duk wanda ya san gari ya san dalilin zaɓen Juma'a: babu kotu sai Litinin. Da na isa, takalmansa da hularsa suna cikin wani kwali a ƙarƙashin kanta. Matarsa na tsaye da kwanon tuwo, an ce sai ta ɗanɗana kafin a shigar masa, tana ci hawaye na zuba a cikin miyar. A bango ga rubutu ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne. A ƙasan rubutun aka zauna ana ciniki: nawa zai biya yau, nawa ƙarshen wata, wa zai ajiye takardar fili, sannan "kuɗin biro da takarda." Da ya ce ba shi da ko sisi a ranar, sai aka rubuta FIR, wato takardar tuhumar da 'yan sanda ke kai wa kotu, bashin atamfa ya rikiɗe ya zama "cin amana da zamba cikin aminci."

Ranku ya daɗe, irin wannan takardar tana zuwa gabanku kullum, kuma kun fi ni gane ta. Sashe na 8 na dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ya hana a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita haka. Mai bashi yana da haƙƙi, ba na ce a ci masa dukiya a share baki ba. A fiƙihun Malikiyya ma ana tsare mai hali da ya ƙi biya da gangan. Sai dai alƙali ne ke yin haka bayan ya binciki halinsa, kuma wanda aka tabbatar yana cikin ƙunci, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa zuwa sauƙi. Duk ranar da kuka karɓi irin wannan FIR ba ku tambayi mai gabatar da ƙara inda laifin yake ba, kun sa hannu kenan a mayar da caji ofis wurin karɓar bashi.

Haka batun kama wani a madadin wani. Yaro ya yi faɗa ya gudu, sai a zo a tafi da uwarsa ko ƙaninsa ko matarsa mai goyo, a ce sai ya kawo kansa. Sashe na 7 na ACJA ya haramta wannan da kalmomin da ba su buƙatar fassarar lauya, kuma tun kafin a rubuta shi Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Irin waɗannan mutanen ba a ma kawo su gabanku, don babu abin da za a karanta musu. Shi ya sa doka ta ce ku ku je ku same su.

Wannan ne ginshiƙin wasiƙata. Sashe na 34 na ACJA ya ɗora wa babban majistare, ko wanda Babban Joji ya wakilta, ya ziyarci caji ofis da sauran wuraren tsare mutane da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Yana da ikon ya nemi littafin kamu ya duba, ya ba da umarnin a gurfanar da wanda ake tsare da shi, ya kuma ba da beli nan take in laifin yana cikin huruminsa. Shi ma shugaban caji ofis an wajabta masa kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba da waranti ba a ƙarshen kowane wata. A 2018 Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Walter Onnoghen, ya umarci manyan jojin jihohi su sa majistarorinsu su riƙa wannan ziyarar. Sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake kawo ta, ita kuwa babu jihar da ba ta shafa ba. Kaduna ta yi nata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017, Kano a 2019. Wato ba doka muka rasa ba. Na san akwai waɗanda suke zuwa a cikinku, Allah ya saka musu. Amma in ziyarar ta zama ta sanarwa, a share sel, a kwashe mutane a ɓoye a bayan gini, a tarbi alƙali da lemo a ofishin DPO, to an yi yawon shan iska ne da man gwamnati. Ziyarar da ke da amfani ita ce wadda alƙali zai tsaya a bakin ƙarfen da kansa, ya sha wari da zafin da ke fitowa, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya: yaushe aka kawo ka, me aka ce ka yi, wa ya san kana nan? Ya kuma ce a ɗaga riga ya ga baya. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya gana wa wani azaba, amma shatar dorina ba ta hau takarda da kanta, sai wani mai iko ya gani ya rubuta.

Ku alƙalan kotunan Musulunci, Allah ya gafarta malamai, wannan ba baƙon abu ba ne da aka ɗauko daga Turai. A babin alƙalanci na Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya da da yawanku kuka karanta a zaure kafin ku shiga aji, Shehu Khalil ya ce abin da alƙali zai fara dubawa idan ya kama aiki shi ne wanda ke tsare, kafin wasiyyi da dukiyar maraya. Dalilin da malamai suka bayar shi ne tsarewa azaba ce, kuma mai yiwuwa akwai wanda bai cancance ta ba a ciki. Kun kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Kyanwa kenan.

Sai babbar rijiyar da ke haɗiye mutane: ajiya a gidan gyaran hali kafin shari'a. Za a kawo muku mutum da zargin fashi ko kisa ko garkuwa, kun san ba ku da hurumin sauraro, sai ku ce a ajiye shi har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Daga nan fa sai Allah. Fayil bai tafi ba, ko ya tafi ya ɓace, ko an yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, ko babu man da za a kawo wanda ake zargi kotu. A 2003 aka kama wani mai gyaran jikin mota a Legas, Sikiru Alade, majistare ya aika shi ajiya a Kirikiri. Ba a sake waiwayarsa ba har shekara tara, sai a 2012 Kotun ECOWAS ta ce tsarewar ta saɓa doka, a sake shi. Saboda irin wannan ACJA ta ƙayyade ajiya da kwana 14, in an kawo hujja a ƙara 14, daga nan kotu ta kira hukumar 'yan sanda da Antoni Janar su zo su faɗi dalilin da zai hana a sallami mutum. In aka haɗa duk ƙarin da dokar ta yarda da shi, bai cika wata biyu ba. Dokokin jihohi suna da ɗan bambancin kwanaki, amma babu wadda ta ce "sai baba ta gani." Duk da haka, cikin mutum wajen 80,000 da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan, kusan kashi biyu bisa uku ba a yanke musu hukunci ba. A 2019 aka canza wa gidajen suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali. Wane hali za a gyara wa wanda ba a tabbatar ya ɓata ba? Abin da muke gani a unguwa shi ne yaro ya shiga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano da zargin satar akuya, ya fito da sababbin abokai da sabuwar sana'a.

Hannun da ya sa a ajiye shi ne ya kamata ya riƙa tunawa. Littafi guda a teburin rajistara, mai ɗauke da sunan duk wanda kotun ta aika ajiya da ranar da wa'adinsa zai cika, bai fi ƙarfin kowace kotu ba.

Na san abin da ke damunku, don ni ma ina jin sa a majalisa. Jama'a sun gaji. An soka wa ɗalibi wuƙa a kan waya, 'yan daba sun hana unguwa barci, an sace mutum a gonarsa an sayar da gonar an biya fansa. Sai a ce "'yan sanda na kamawa, kotu na saki." Wanda aka kashe wa ɗa, in ka zo masa da zancen haƙƙin wanda ake zargi, kamar ka zage shi ne, kuma ba zan ga laifinsa ba. Shi ma yana da haƙƙin rayuwa da na dukiya, kuma shi aka fara zalunta. Tsarin Mulkin da kansa ya san haka, shi ya sa ya ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga ƙa'idar sakin wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba. Ba roƙonku nake ku buɗe ƙofa kowa ya fita ba. Wanda hujja ta nuna zai gudu, ko zai tsorata shaidu, ko zai koma ya sake, ku hana shi beli, ku rubuta dalili, sannan ku matsa a yi shari'arsa da wuri. Jinkirin nan ba wanda ake zargi kaɗai yake cuta ba. Bayan shekara huɗu shaida ya mutu, wani ya bar gari, wuƙar da aka ajiye ta ɓata a ɗakin ajiya, sai mai laifin gaske ya fita fes saboda babu hujja, marar laifi kuma ya riga ya yi zaman da ba a yanke masa ba. Uwar wanda aka kashe ba ta samu komai ba, uwar wanda aka tsare ma haka.

Akwai kuma belin da hana beli ya fi shi gaskiya. A ce wa ɗan dako ya kawo ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi, ko mai gida da takardar shaidar mallaka a cikin birni. Ina zai samo su? Doka ta ce kada sharaɗin beli ya wuce kima. Irin waɗannan sharuɗɗan ne suka haifar da masu tsayawa na haya da ke zaune a gindin bishiyar kotu da takardu a aljihu, ba su san wanda suke tsaya wa ba, ba su damu ya dawo ko kada ya dawo ba. Limamin unguwarsa ko shugaban ƙungiyar sana'arsa, wanda ya san ƙofar gidansu, ya fi su iya kawo shi ranar zama. Har yau kuma ana mayar da mace a ce ba ta tsayawa beli, alhali ACJA ta hana a ƙi ta don tana mace. Sau da yawa uwa ce kaɗai ta rage wa yaro.

Dukanmu mun ga hotunan ranar 1 ga Nuwamba, 2024, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna da wasu jihohi bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, an gurfanar da su da tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowannensu. Ban manta an fasa shaguna da ofisoshi an kwashi kaya a Kano a wancan lokacin ba, kuma 'yancin taro bai taɓa zama lasisin wawaso ba. Wanda aka kama da kayan mutane a hannu ya fuskanci hukunci daidai shekarunsa da laifinsa. Amma abin da ya fitar da yaran nan ba sashe na 35 ba ne. Kyamara ce. Duniya ta gani, aka yi ca, Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su cikin 'yan kwanaki. A sel ɗin ƙaramar hukuma mai nisa babu kyamara, babu ɗan jarida, sau da yawa babu ko lauya ɗaya a garin, Hukumar ba da tallafin shari'a kyauta kuma ma'aikatanta ba su isa ko'ina ba. Ku ne doka ta ba mabuɗin shiga.

Kada ku ce na ɗora muku kaya na bar mutanena. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke kai ɗan'uwansa caji ofis a kan bashi, ya ba da kuɗin mai, ya ce "a ɗan koya masa hankali"? Mu ne. Wa ke ganin laifi da idonsa, in aka ce ya zo ya ba da shaida ya ce ba ya son shiga uku? Mu ne. Mu ne muke tsaya wa yaro beli sannan mu sa shi a motar dare ya bar gari. Mu ne muke rufar wanda aka yi wa ihun ɓarawo da duwatsu kafin a tambayi me ya sata, kuma mun ɗanɗani ɗacin wannan a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bisa zato kawai. Wanda ya yi kuka a kan Uromi ba shi da bakin da zai yi kabbara in an taru a kan wani a bakin kasuwarsu. Sashe na 24 na Tsarin Mulkin nan da muke kafa hujja da shi ya wajabta wa kowane ɗan ƙasa ya mutunta darajar sauran mutane da haƙƙoƙinsu, ya kuma taimaka wa hukuma wajen tabbatar da doka. Wannan aikinmu ne mu dattawa da limamai da masu unguwanni, kuma muna faɗa a inda muryarmu ta kai. Sai dai mutum ba ya kawo shaida inda ya san zai yi zuwa goma ana ɗage zama, kowane zuwa ya rufe shago ya biya kuɗin mota. Jama'a kuma ba sa barin ɗaukar doka a hannu sai sun ga shari'a tana ƙarewa.

Ban jahilci halin da kuke aiki a ciki ba. Na ga kotun da rufinta ke yoyo, na ga alƙali yana rubuta kowace kalma da hannu tun safe har azahar, fayil sun taru sun kai kafaɗarsa. Na kuma san akwai wayar da ke shigowa daga sama kafin a zauna, musamman in wanda aka kawo ya taɓa wani babba a Facebook ko TikTok. Wanda ya yi wa mutum ƙazafi a waya ba gwarzo ba ne, mutuncin mutane ba abin wasa ba ne, kuma doka ta buɗe wa wanda aka ɓata hanyar neman haƙƙinsa. Amma idan aka hana beli a kan rubutu aka aika yaro ajiya ta mako biyu, kowa ya san an riga an yi hukuncin kafin a fara shari'ar, kuma da alƙalaminku aka yi.

Abin da nake roƙo bai buƙatar sabon kasafi. Ku nemi Babban Joji da Alƙalin Alƙalan jiharku su fitar da jadawalin wane alƙali ke da wane caji ofis, a liƙa a allon kotu inda mu ma za mu gani, amma ranar zuwa ta zama sirrinku. Ku riƙa tafiya da lauyan da ƙungiyar lauyoyi ko hukumar tallafin shari'a ta turo. Kada ku tsaya a ofishin 'yan sanda kaɗai, dokar ta ce da sauran wuraren tsare mutane, kuma a garuruwanmu yanzu har 'yan sintiri suna da ɗakin da suke kulle mutum. Duk wanda aka kawo muku, kafin a karanta masa komai, ku tambaye shi da Hausa ko da yarensa ranar da aka kama shi, ku rubuta amsar a fayil, in ta saɓa da abin da ke cikin FIR ku tambayi mai gabatar da ƙara inda sauran kwanakin suka tafi.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku lafiya.

Naku,
Wani dattijon unguwa, daga Kano.